Aikin manhaja bai ƙare ba sai takarda ta fito daidai

A yawancin ofisoshinmu, ranar da aka kawo sabuwar manhaja fuskar kwamfuta ake kallo. Shugaba yana zaune, ɗan kwangila yana tsaye a gefensa yana danne-danne, sunaye suna fitowa, lissafi yana haɗa kansa, a yaba, a sa hannu, a biya. Da wuya ka ji wani ya ce a buga a gani. Alhali kuwa mutanen da aka yi manhajar dominsu ba za su taɓa ganin wannan fuska ba. Uba katin sakamakon ɗansa zai riƙe. Majinyaciya takardar gwajin jini za ta kai wa likita. Ma'aikaci takardar albashi zai kai banki in yana neman rance. Mai binciken kuɗi kuwa, in shekara ta ƙare, fayil zai ce a ɗauko masa. Duk abin da aka tara a rumbun bayanai, ta bakin firinta yake fita zuwa hannun jama'a.

Sana'ata rubuta ƙananan manhajoji ce, irin na makarantu da shagunan magani da ɗakunan gwaji, kuma ina da ra'ayi guda da nake so masu saye da masu sayarwa su ji. Zaɓen firinta, da girman takarda, da faɗin gefe, da sauran saitin shafi, aikin manhaja ne. A cikinta ya kamata a rubuta su, ta riƙa zartar da su da kanta duk lokacin da aka danna a buga. Manhajar da ta bar wa akawu wannan nauyi a daidai lokacin da layi ya taru a gabansa ba a gama rubuta ta ba, kuma bai kamata a biya cikon kuɗinta ba.

Tsakanin danna maɓalli da fitowar takarda akwai tambayoyi da dole a amsa su, ko mai dannawar ya sani ko bai sani ba. Wace firinta ce za ta karɓi aikin? A4 ce a cikinta ko A5? A tsaye za a buga ko a kwance? Fili nawa za a bari a gefe huɗu? Daga wane tire za a jawo takarda, na farar takarda ko na mai kan ofis? Kwafi nawa? Fuska ɗaya ko gaba da baya? In manhaja ba ta amsa ba, amsar ba ta rasuwa. Ana ɗauko ta daga abin da aka tarar a cikin kwamfutar, wato saitin da mai gyara ya bari, ko wanda wani ya yi jiya da zai buga wasiƙar neman hutu, ko wanda kamfanin firintar ya zo da shi daga ƙasarsu. Ke nan siffar takardar da ke ɗauke da hatimin makaranta ko asibiti tana hannun wanda ya taɓa kwamfutar a ƙarshe.

Babbar hanyar da wannan sakaci ke cizonmu ita ce girman takarda. Mu a nan A4 muke saye, mai faɗin milimita 210 da tsawon milimita 297. Tsari ne da Jamusawa suka kafa a 1922 bisa aikin Walter Porstmann, hukumar ma'aunai ta duniya ta karɓe shi a 1975, yawancin ƙasashe suka bi. Amurka da Kanada ba su bi ba. Tasu takardar, wadda suke kira Letter, inci 8.5 ce a faɗi da inci 11 a tsawo, wato kimanin milimita 216 da 279. Ta fi A4 faɗi da milimita 6, A4 ta fi ta tsawo da milimita 18. In ka ɗora ɗaya a kan ɗaya sai ka lura da kyau za ka ga bambancin. To amma kwamfutocinmu da yawa na hannu ne, masu sa musu Windows kuma galibi sukan bar zaɓen ƙasa a kan Amurka don sauri. Direban firinta, wato 'yar manhajar da ke sada kwamfuta da firinta, sai ya ɗauka Letter ce a cikin tire, alhali ko ganinta ba mu yi a kasuwa.

Na ga abin da milimita 18 ke iya yi a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, a makon ƙarshe na zango. An kira ni ne don katin sakamako ya fara fitowa shafi biyu. Shafin farko yana ɗauke da maki da matsayi da bayanin malamin aji. Na biyu ba komai a kansa sai layi uku a can sama: ranar komawa makaranta, wurin sa hannun shugaba, da zagayen da ake buga hatimi. Janareta na ta ruri a waje, iyaye za su zo washegari, jami'in jarrabawa ya tara takardun gida biyu a kan tebur yana haɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya. Kafin na iso har ya rage girman rubutu, ya cire layin ɗabi'a da tsafta daga katin, ko ya samu ya matse shi. Shugaban makarantar ya leƙo ya ce, "Malam, me ka taɓa?" Shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa komai ba." Gaskiya ya faɗa. Firintar ce aka kai gyara, da aka dawo da ita aka sake sa direbanta, shi kuma ya koma Letter. Manhajar da suka saya ba ta taɓa faɗa wa firinta cewa katin nan na A4 ba ne. Tun farko dace aka yi ta yi.

Abin da ya tsaya mini a rai a ranar shi ne wanda laifin ya faɗa kansa. Wanda ya rubuta manhajar ya karɓi kuɗinsa tun bara. Mai gyaran firinta ya yi abin da aka kira shi ya yi. Malamin da ya kwana biyu yana shigar da maki shi ne ya sha kallon tuhuma. Haka abin yake a ko'ina: kashiya, akawu, sakatariya, ma'aikacin ɗakin gwaji, su ne ake yi wa tsawa a kan abin da ba su da ikon gani, ballantana gyarawa.

In aka juya lamarin kuma, faɗi ne ke kawo matsala. Yawancin samfuran rahoto da matasan masu rubuta manhaja ke saukowa daga intanet an zana su ne a kan Letter: jikin rahoto inci 7.5, gefe rabin inci dama da hagu, jimla inci 8.5 cif. A kan A4 wannan ya zarce da milimita 6. Manhaja irin Microsoft Access ba ta yanke abin da ya zarce, sai ta tura shi sabon shafi. Shi ya sa kake ganin bayan kowane shafi farar takarda ta biyo, wani lokaci da ɗan guntun layi a gefenta wanda ya isa ya hana a sake amfani da ita a aikin hukuma. A ce makaranta tana da ɗalibai 600. Maimakon takarda 600 za a jawo 1200, rarar ta fi rim guda mai takarda 500, ban da lokacin da za a ɓata ana tsince su da man da janareta ke sha. Kuma takardar nan ba tamu ba ce. Masana'antun takarda uku da gwamnatin Nijeriya ta gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku ba su iya ɗauke buƙatar ƙasa ba, farar takardar ofis daga ƙasashen waje ake shigo da mafi yawanta, da dala. Lissafin da zai hana wannan asara ɗan firamare zai iya shi: faɗin rahoto da gefen dama da gefen hagu kada su wuce santimita 21. In gefe santimita ɗaya-ɗaya ne, jikin rahoto kada ya wuce 19.

Bayan girman takarda sai tambayar wace firinta. Manhajoji da yawa suna tura komai ga firintar da Windows ta riƙe a matsayin ta yau da kullum. A da wannan zaɓi yakan zauna inda aka ajiye shi. Tun sabuntawar Windows 10 ta Nuwamba 2015 aka shigo da wani saiti, a kunne yake zuwa, wanda ke mai da firintar da aka yi amfani da ita a ƙarshe ta zama ita ce ta yau da kullum. A ofis mai firinta ɗaya ba wanda zai lura. A asibitin da aka haɗa firintoci da waya ɗaya kuwa, ga yadda yake kasancewa: ma'aikacin ɗakin gwaji ya tura wasiƙarsa zuwa babbar firintar da ke wurin karɓar baƙi don ta fi fitar da rubutu da kyau. Daga wannan lokaci, duk sakamakon gwajin da ya buga can zai fita, a gaban masu jiran kati, da sunan majinyaci a sama da abin da aka gano a jininsa a ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kulawa ta musamman. Amma tun kafin doka, mun san abin da fitar irin wannan sirri ke yi wa aure da zumunci a garin da kowa ya san kowa. Asibiti zai kashe kuɗi a kan kalmar sirri da makullin ɗakin kwamfuta, sannan sirrin ya fita ta firintar bakin ƙofa.

A shagon magani kuwa abin yakan zo da wata siffa. Akwai ƙaramar firintar rasit mai naɗin takarda, faɗin milimita 80 ko 58, akwai kuma babba ta A4 don rahoton ciniki da lissafin kaya. In manhaja ba ta bambance su ba, rasit ɗin katin farasitamol ɗaya zai cinye A4 sukutum, rahoton wata kuma ya faɗa ƙaramar, ta yi ta warware naɗi har ƙasa da rabin lambobi a yanke.

Ba wai babu magani ba ne, kuma maganin ba sabo ba ne. Zan yi misali da Access don ita na fi tararwa a ƙananan ofisoshi, tana nan tun 1992, kuma har yau tana riƙe da rajistar ɗalibai da lissafin kaya a wurare da yawa. A shekarun farko masu rubuta manhaja suna da uzuri. Saitin firinta yana dunƙule ne a cikin wasu wurare uku masu suna PrtDevMode da PrtDevNames da PrtMip, jerin lambobi ne da sai ka san mazaunin kowace kafin ka taɓa. Sai an buɗe rahoto a yanayin zane ake iya sauya su, wanda kuma ba ya yiwuwa in an kulle manhajar kafin a miƙa wa mai saye. Access 2002 ta kawar da wannan uzuri. Ta zo da abin da ake kira Printer, inda kowane saiti ke da sunansa, da kuma jerin duk firintocin da kwamfuta ta sani. Da layi biyar ko shida mutum zai ce: wannan rahoto ya tafi firinta kaza, a kan A4, a kwance, kwafi biyu, daga tire na ƙasa, gefe kaza. Ana auna gefen da wani ɗan ƙaramin ma'auni wanda 567 daga cikinsa ne santimita ɗaya, 1440 kuma inci ɗaya, wato ana iya daidaita shafi fiye da yadda ido ke gani. Har akwai saitin da ke cewa a buga bayanai kawai ban da layuka da kan takarda, domin fom ɗin da aka riga aka buga a maɗaba'a. Wannan duk yana aiki ko manhajar a kulle take. Shekara fiye da ashirin ke nan kayan aikin suna ajiye.

Sauran hanyoyin rubuta manhaja ma kowace da nata. Crystal Reports da JasperReports suna ba da dama a faɗi girman shafi da firinta daga cikin manhaja. Mai rubuta manhajar da ke aiki ta burauza yana iya rubuta wa shafi cewa shi A4 ne a kwance da gefe kaza, ko da yake burauza ba ta yarda shafin intanet ya zaɓi firinta da kansa, don tsaro, sai an haɗa da wata 'yar manhaja a kan kwamfutar. Firintocin rasit suna da yarensu, ESC/POS, wanda kamfanin Epson ya ƙirƙira, da shi ake cewa a yanke takarda ko a buɗe aljihun kuɗi. Kwamfutocin Linux da na Apple suna da CUPS, da ke karɓar irin waɗannan umarni. Ba ilimi ne ɓoyayye ba. Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauke shi a matsayin aikinsa.

Yadda nake ganin ya kamata a raba nauyin gida uku ne. Akwai abin da ke na takardar kanta: girmanta, tsayuwarta ko kwanciyarta, gefenta. Katin sakamako A4 ne a tsaye a kowace kwamfuta, babbar takardar makin aji a kwance take, rasit milimita 80 ne. Waɗannan a cikin manhaja za a kafa su, kuma a maimaita wa firinta su a kowane bugu, kada a dogara da abin da ta tuna. Akwai abin da ke na ofis: wace firinta ce ta rasit a wannan tebur, wace ce ta sakamakon gwaji, wane tire ne ke da takarda mai kan ofis. Waɗannan a ajiye su a wani ɗan jadawali, kowace kwamfuta da nata, shugaban sashe ya saita sau ɗaya, ya iya sauyawa ba tare da an kira injiniya ba. Sai abin da ke na lokacin, kamar yawan kwafi ko daga shafi nawa zuwa nawa. Wannan kaɗai ya kamata a tambayi akawu, shi ma in da buƙata.

Wasu abokan sana'ata za su ce rubuta sunan firinta a cikin manhaja shi ne babban haɗari, kuma suna da gaskiya. Firinta takan mutu a sayo wata. Ko wayarta aka zare aka soka a wani rami, Windows takan yi mata sabon suna mai kwafi na ɗaya a ƙarshe, tsohon sunan ya zama gawa. Shi ya sa na ce jadawali. Manhaja ta san aiki, wato firintar rasit, jadawali ya san suna. Kafin ta buga sai ta duba jerin firintocin da ke nan. In ba ta ga wadda aka ba ta ba, ta tsaya ta faɗa da harshen da ma'aikaci zai gane cewa firintar rasit ba ta nan, a duba waya ko a zaɓi wata. Abin da bai kamata ta yi ba shi ne ta yi shiru ta tura aikin duk inda ta samu. Haka lambobin tire: kowane kamfani da yadda yake ƙirga nasa, don haka direba za a tambaya, ba zato za a yi ba. Sannan in an gama bugu a mai da komai yadda aka same shi. Wasu tsofaffin manhajoji sukan sauya firintar yau da kullum ta kwamfutar gaba ɗaya, su buga, sannan su mayar. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wata rana za a ɗauke ta tsakanin sauyawa da mayarwa. Saitin ya tsaya a kan rahoton da ake bugawa kawai, kada ya taɓa na sauran ayyuka.

Wasu kuma, musamman shugabannin ofis, za su ce a koya wa ma'aikata mana, ai tagar zaɓin firinta ba ta da wuya. Koyarwa tana da kyau, ni ma ina yi. Amma a dubi yanayin aikin. Kashiya tana buga rasit ɗari biyu a wuni, mai jego na tsaye da jariri, wani na cewa motarsa za ta tashi. Ana so a kowane rasit ta duba abu bakwai, kuma kada ta yi kuskure ko sau ɗaya. Gobe ta tafi hutun haihuwa, a kawo 'yar hidimar ƙasa ta zauna a kujerar. Abin da ake maimaitawa ba sauyi shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri kwamfuta don ta ɗauke wa mutum. Tela ba ya miƙa maka riga da almakashi ya ce ka yanke wuyan da kanka duk ranar da za ka sa.

Akwai masu cewa a mai da komai PDF a huta. Wannan rabin magani ne, kuma rabi mai kyau. PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, yana daskarar da shafi: inda layi ya ƙare a kwamfutata nan zai ƙare a taka, kuma ga wanda zai kai fayil shagon buga takardu babu abin da ya fi shi. Sai dai bai san wace firinta ba, bai san wane tire ba. Kuma in aka buga shafin A4 ta direban da ke kan Letter, manhajar karanta PDF takan ƙanƙance shi zuwa kimanin kashi 94 cikin ɗari don ya shiga. A wasiƙa ba komai. A kan takardar shaidar kammala karatu da aka riga aka buga mata ado da layuka a maɗaba'a, sunan ɗalibi zai hau kan layi ko ya sauka ƙasa da shi, kuma irin wannan takarda ƙidayayya ce, kowace da lambarta. Aiki irin wannan yana buƙatar a hana ƙanƙancewa, a kuma ba kowace firinta nata ɗan gyaran milimita sama ko gefe, don ba firinta biyu da ke kama takarda daidai wa daida.

Masu cewa zamanin takarda ya wuce kuwa, ina roƙonsu su je ƙofar kowace cibiyar jarrabawar JAMB su ga abin da ke hannun yara, ko su je neman fasfo, ko su raka tsoho tantance 'yan fansho. Ina fatan ranar da za a rage takarda, kuma hanya mafi kusa ta rage ta ita ce a daina buga abu sau uku kafin ya fito daidai.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mu masu Hausa kai tsaye. Sunayenmu suna da ƙ da ɗ da ɓ, kuɗinmu yana da alamar ₦. A fuskar kwamfuta sukan fito lafiya. Amma firintar rasit, in aka tura mata rubutu ta buga da haruffan da ke cikin cikinta, ba ta san su ba, sai ka ga alamar tambaya ko ɗan akwati a madadinsu. Ɗanladi ya koma alamar tambaya da anladi, garin Ƙaraye ya rasa kansa. Mafi yawan ofisoshi sun warware wannan ta hanyar daina rubuta haruffan gaba ɗaya. Alhali manhaja tana iya zaɓar nau'in rubutun da ke da su, ta tura wa firinta layin a matsayin hoto, ya fito yadda mai sunan ke rubuta shi. Wannan ma saitin bugu ne, kuma ba mai yi mana shi daga waje.

In manhaja ce ke riƙe da bugu, akwai wata riba da masu dukiya ya kamata su so. Tana iya rubuta wa ya buga, me ya buga, yaushe, a wace firinta. Tana iya sa wa rasit na biyu tambarin kwafi, yadda ba za a karɓi kuɗi sau biyu da lamba ɗaya ba. Tana iya hana a buga takardar albashin ma'aikata a ko'ina sai ofishin akanta. In kuwa an bar komai ga tagar Windows, manhaja ba ta ma san ko takardar ta fita ba.

Me ya sa ake barin wannan aiki? Domin ba ya burge kowa a ranar nuni, kuma ba a koyar da shi. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha yakan kare aikinsa na ƙarshe da hotunan fuskar kwamfuta a cikin kundi. Ina roƙon malamansu su ƙara sharaɗi ɗaya: a kawo firinta ɗakin, a buga rahoton a gaban masu jarrabawa, sannan a sauya firintar a sake bugawa. Yaron da ya wuce wannan ya koyi abin da zai ci abinci da shi. Mu kuma da muke cikin sana'ar, mu sa shi a cikin farashi, mu faɗa wa mai saye dalili. Zana rahoton da zai zauna cikin faɗin A4 da tsawon Letter, da gefen da bai gaza santimita ɗaya ba tunda yawancin firintocin ofis ba sa iya kai tawada bakin takarda, aikin yini ne. Rashin yinsa kuwa ana biyansa kowane zango.

Ga masu saye, shugabannin makarantu da masu asibitoci da shaguna da daraktocin ma'aikatu, gani ya kori ji. Kafin ku sa hannu a kan cikon kuɗi, ku sa a rubuta a cikin yarjejeniya jerin duk takardun da manhajar za ta fitar, kowace da girmanta da firintar da za ta tafi. Ranar karɓar aiki ku kira ma'aikacin da zai riƙa amfani da ita ya zauna a kujerar, ɗan kwangila ya koma gefe ya naɗe hannu. A buga kowace takarda da bayanai na gaskiya, har da ɗalibin da ya fi kowa dogon suna da ajin da ya fi kowane cika. Sannan ku yi abu uku da gangan: ku mai da direba kan Letter, ku sauya firintar yau da kullum, ku zare wayar firintar rasit. In katin ya fito shafi ɗaya, sakamakon gwaji ya fita inda aka ce, manhajar kuma ta faɗi a fili cewa firintar rasit ba ta nan, to ku biya shi hakkinsa cikakke, ku kuma faɗa wa wasu sunansa. In ba haka ba, ku riƙe kuɗinku har ya dawo ya gama.